Ɗalibaina suna juya lambobi wajen sa ɗigo a giraf: ina mafita?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lissafi ce a wata ƙaramar sakandaren gwamnati, 'yan aji biyu nake koyarwa. Mun shiga darasin sa ɗigo a takardar giraf, na yi bayani na maimaita, amma in na ce su sa (2, 5) sai kusan rabin ajin su sa a (5, 2). In aka zo lambobi masu alamar ɗebewa kuwa, abin ƙara dagulewa yake yi. Yaran sun haura sittin, da yawansu ba su da littafin giraf. Na sa sun haddace cewa x ne farko, da baki suna faɗa daidai, amma a takarda sai su kauce. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira. In na fahimce ki, yaran sun riƙe doka a baki amma hannunsu bai bi ba, kuma kina neman hanyar da za ta yi aiki a cunkoson aji, ba tare da kayan aiki na kirki ba. Kusan duk wanda ya koyar da wannan darasi ya gamu da abin da kika gamu da shi, kuma ƙarin hadda ba ya magance shi.

Ga dalili. Tun daga firamare ake nuna wa yaro cewa 2 a tara da 5 daidai yake da 5 a tara da 2, kuma 2 sau 5 ɗaya ne da 5 sau 2. Shekara da shekaru ya saba da cewa in lambobi biyu suka zo tare, wanda ya riga wani ba abin damuwa ba ne. Rana ɗaya sai mu rubuta masa lambobi biyu cikin baka, da waƙafi a tsakani, mu ce yanzu tsarin shi ne kome. Zai karɓa don malama ta faɗa, amma a ransa bai ga abin da zai lalace in ya juya su ba. Aikinki shi ne ki sa ya ga ɓarnar da idonsa. Da zarar ya ga juyin ya kai shi wurin da ba nan aka aike shi ba, dokar za ta zauna da kanta.

Asalin abin a taƙaice

Tunanin bayyana wuri da lambobi biyu tsoho ne. Masu zana taswira sun daɗe suna yi, kuma Alkawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, ya jera wurare sama da 2,000 kowanne da lambobinsa biyu na tsawo da faɗi. Wanda ake jingina wa tsarin da muke koyarwa a yau shi ne Rene Dekart, masanin Faransa, da aikinsa na 1637, inda ya haɗa aljabara da ilmin siffofi. Labarin da ake ba yara cewa yana kwance ne ya ga ƙuda a rufin ɗaki ya fara tunanin yadda zai faɗi inda yake, hikaya ce kawai, amma tana da amfani a aji, domin ta nuna tambayar da darasin ke amsawa: yaya zan gaya wa wanda ba ya kallo takamaiman inda abu yake?

Abin da ya kamata ki riƙe daga tarihin shi ne, sa lambar layin kwance, wato x, a gaba yarjejeniya ce, ba wahayi ba. Da an yarda a fara da ta tsaye, lissafi ba zai rushe ba. Ina gaya wa ɗalibai haka ƙarara, domin yaro mai kaifin basira yakan tambayi dalili, kuma in aka ƙirƙiro masa dalilin ƙarya yana ganewa. Gaskiyar ita ce duniya ta amince da tsari ɗaya don kada mai aikawa da mai karɓa su saɓa.

Ki fara gano irin kuskuren

Kin ce rabin ajin suna juya lambobi. Ina kyautata zaton in kika duba littattafansu a tsanake za ki tarar ba cuta ɗaya ke damunsu ba. Ki ba su ɗigo biyar kawai: (2, 5), (0, 3), (4, 0), (-3, 2), (-1, -4). Kada ki ba da maki. Ki duba inda kowane ɗigo ya faɗa, domin wurin da ya faɗa ne zai gaya miki abin da ke kan yaron.

Wanda ya sa (2, 5) a (5, 2), shi ne mai juyin da kika ambata. Amma za ki ga wani ya sa shi a (1, 4). Wannan bai juya kome ba, ya ɗora fensir a kan sifiri ya ce "ɗaya", wato yana ƙirga layuka maimakon taku. In kika yi ta nanata masa cewa x ne farko, ba ki taɓa matsalarsa ba ko kaɗan. Wani kuma ya rubuta lambobinsa a cikin gidajen takardar, tsakanin layi da layi, sai ɗigonsa ya riƙa shawagi a tsakiyar gida. Akwai wanda zai yi na farko daidai ya faɗi a (0, 3) da (4, 0), domin a wurinsa sifiri na nufin babu, sai ya tsallake shi ya ɗauki lambar da ta rage ya sa a layin da ya fara zuwa masa. Na ƙarshe shi ne wanda ya jera lambobin hagu a baibai: ya sa -5 kusa da sifiri, -1 can ƙarshen takarda, domin ya saba lambobi su fara daga hagu su tafi dama. Wannan matsalarsa layin lamba ce, tun kafin a zo giraf.

Wata 'yar shawara kan gwaji: ki guji ɗigo irin (3, 3) ko (5, 5) in kina son sanin wanda ya gane. Mai juyi da marar juyi duk wuri ɗaya za su sa shi.

Ki fitar da su fili

Darasin farko ba na yin sa a allo. Muna da wata baiwa a ƙasar Hausa da littattafan da aka rubuta a wasu wurare ba su san da ita ba: yaranmu sun san gabas. Yaron da ke salla ya san inda alƙibla take, kuma ya saba jin kwatance irin "gabas da masallaci" ko "kudu da kasuwa". Ki yi amfani da wannan.

Ki samu fili a harabar makaranta, ki ja layuka biyu da toka, ɗaya daga yamma zuwa gabas, ɗaya daga kudu zuwa arewa, su gitta juna a tsakiya. A mahaɗar ki ajiye dutse, shi ne sifiri. A kowane layi ki sa alama taku ɗaya-ɗaya, amma ki auna da sanda guda don tazarar ta zo daidai, domin takun yara ya bambanta. A ranar farko ki tsaya a ɓangaren gabas da arewa kaɗai.

Dokar wasan ɗaya ce: kowa daga dutse yake tashi, ya fara tafiya gabas, sannan ya juya arewa. Ki kira yara biyu tare. Ki ba ɗaya (2, 5), ɗayan (5, 2). Su tashi daga dutsen, ajin na ƙirga musu taku da ƙarfi. Idan suka tsaya, kowa zai ga tazarar da ke tsakaninsu. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki tambayi ajin kawai: lambobin ba iri ɗaya ba ne? To me ya raba su? Ki bar su su yi gardama kaɗan.

Wannan tafiyar tana gyara mai ƙirga layuka ma, domin wanda ke tsaye a kan dutse bai yi taku ba tukuna, ba zai ce "ɗaya" ba sai ya ɗaga ƙafa. Haka (0, 3): taku nawa gabas? Babu. To tsaya inda kake, juya arewa, yi uku. Ina sa su faɗi "sifiri gabas" da baki kafin su motsa, don kada sifirin ya ɓace. Daga nan sai ki juya wasan: ki tsayar da yarinya a wani wuri, sauran su rubuta lambobinta. Karanta ɗigo da sa ɗigo ba abu ɗaya ba ne a kan yaro, kowanne sai an yi shi.

Da yara sittin ba kowa zai taka ba, kuma ba dole ba ne. Ki raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya tura wakili, sauran su zama alƙalai. Waɗanda gwajin ya nuna suna da matsala su ne za ki fi kira, ba tare da kin sanar da dalili ba.

Akwai gaɓa ɗaya da malamai ke tsallakewa, ni kuwa a ganina ita ce mafi muhimmanci. A fili, layi na biyu arewa ya nufa. A allo kuwa sama ya nufa. Mu manya mun saba da taswira, mun san arewa a sama ake sa ta, amma yaro bai saba ba. Don haka kafin ku bar filin, ki shimfiɗa babban kwali a ƙasa, ki zana layukan a kansa daidai da na tokar, ki sa ɗigon da yaran suka taka. Sannan a gabansu ki ɗaga kwalin ki jingina shi da bango. Su ga arewa ta koma sama, gabas ta koma dama. Daga ranar sai ki riƙa cewa "kwance kafin tsaye", kuma maganar za ta sami abin da za ta rataya a kai.

Idan aka dawo aji

Rashin littafin giraf bai kamata ya tsayar da ke a wannan mataki ba. Littafin lissafi mai gida-gida da ake amfani da shi a firamare ya wadatar, har ma ya fi, domin ƙananan layukan takardar giraf suna rikita idon mai koyo. Wanda ba shi da ko wannan, ya ja layuka da rula a takarda ɗaya ya riƙa amfani da fensir yana gogewa. Ke kuma ki samu falange ko kwali mai kauri ki zana gidajen sau ɗaya da abin da ba ya gogewa, ki huta da ɓata rabin darasi wajen ja wa allo layi.

Wasu malamai suna kawo dara a matsayin misali, kuma yana da kyau, tunda yara da yawa sun san gurabe talatin ɗin nan, jeri biyar na shida-shida. Sai dai a yi hattara. Ɗan dara a cikin gurbi yake zama, ɗigon giraf kuwa a kan mahaɗar layuka. In za ki yi amfani da ita, ki ja layuka su ratsa ta tsakiyar guraben, yadda kowane gurbi zai zama mahaɗa. In ba haka ba, da hannunki za ki ƙara yawan masu sa ɗigo a tsakiyar gida.

Aikin da na fi amincewa da shi a wannan mataki shi ne zanen da ke tona asirin kuskure da kansa. Ki ba su (2, 1), (8, 1), (8, 5), (5, 8), (2, 5), su haɗa su bi da bi, su dawo na farko. Wanda ya yi daidai zai sami ɗaki da jinkarsa a sama. Wanda ya juya duka zai sami ɗakin a kwance, jinka na kallon dama. Wanda ya juya ɗaya ko biyu zai sami abin da ba shi da suna. Maƙwabcinsa ne zai nuna masa kafin ki iso, kuma a babban aji wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ki lura da zaɓen siffa: in kika ba su murabba'i, mai juya duka zai iya samun murabba'i mai kyau ya ɗauka ya yi daidai.

Ki kafa musu ƙananan ɗabi'u tun yanzu: lamba a kan layi ake rubuta ta, fensir ya zama mai tsini, ɗigo a yi shi da ƙaramar alamar gicciye, a rubuta lambobinsa a gefe. Yaron da ya yi ɗigo kamar ƙwayar gyaɗa zai sha wahala in aka zo sikeli, wato darajar da ake ba kowane gida.

Ga wani misali da manyan yara ke so. Wayar hannu tana ba da wuri da lambobi biyu, kuma Kano tana wajen 12.0 da 8.5, wato digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, digiri 8 da rabi gabas da layin Girinwic, wanda daga shi ake auna gabas da yamma. In aka juya su, aka nemi 8.5 arewa da 12.0 gabas, sai a faɗa wajen Ganye a kudancin jihar Adamawa. Sai dai ki ajiye wannan misali sai dokar ta zauna, domin a taswirar waya lambar arewa ce ke zuwa farko, akasin giraf. In kika kawo shi da wuri zai rikita su. In kika kawo shi a kan kari, zai tabbatar musu da cewa kowane fage da yarjejeniyarsa, kuma dole a san ta kafin a karanta lambobin.

Lambobin ƙasa da sifiri

Layukan biyu sun raba filin sassa huɗu, amma kada ki buɗe sassa huɗun a rana ɗaya. Ki koma fili, ki yi layi ɗaya tak, gabas da yamma. Alamar ɗebewa a nan umarni ce: juya baya. 3 taku uku gabas, -3 taku uku yamma, duka daga dutse. Yaron da ya taka zai ga da ƙafarsa cewa -1 ne ke maƙwabtaka da sifiri, -5 na can nesa, kuma mai jera lambobi a baibai a nan yake warkewa. Sai ki yi haka da arewa da kudu. Bayan nan ne za ki haɗa su.

Kowace lamba cikin bakan tana amsa tambaya biyu: ina zan fuskanta, taku nawa zan yi. Ina sa ɗalibai su karanta (-3, 2) da baki kamar haka: uku hagu, biyu sama. Sai sun faɗa sannan fensir ya taɓa takarda. Atisayen da ke da amfani shi ne ba su lambobi iri ɗaya da alamu daban-daban, (3, 2), (-3, 2), (-3, -2), (3, -2), su ga ɗigo huɗu sun kewaye sifiri. Sunayen sassan, na ɗaya zuwa na huɗu, da yadda ake ƙirga su daga sama dama a bi akasin tafiyar agogo, minti biyar ya ishe su. Ban ga amfanin sa yara haddace jadawalin alamun kowane sashe ba, wanda ya iya tafiyar zai fitar da shi da kansa.

Misalin bashi, da muke yawan amfani da shi wajen koyar da waɗannan lambobi, yana aiki a tarawa da ɗebewa, amma a giraf ba ya taimakawa sosai, domin bashi ba shi da hagu ko dama.

Sikeli, inda maki ke zubewa

Tambayarki ba ta kai nan ba, amma nan za ki dosa, kuma nan ne ɗaliban babbar sakandare ke asarar maki a WAEC da NECO. Tambayoyin giraf sukan ce a ɗauki santimita 2 a matsayin 1 a layin x, santimita 2 a matsayin 5 a layin y, wato na tsaye. Takardar giraf da aka fi amfani da ita tana da babban gida na santimita 2, an raba shi ƙanana goma. Ke nan a layin x kowane ƙaramin gida 0.1 ne, a layin y kuwa 0.5. Don sa (1.5, 12), za a yi babban gida ɗaya da ƙanana biyar zuwa dama, sannan manya biyu da ƙanana huɗu zuwa sama. Yaron da ya ɗauka gida ɗaya kullum 1 ne zai ƙirga ƙanana biyu bayan 10, ya sa ɗigonsa a 11.

Maganin shi ne tun a aji biyu, da zarar sun iya na farko, ki fara canza musu darajar taku. Yau kowane gida 2, gobe 10. Jadawalin farashi yana da kyau a nan: in fensir ɗaya naira 50 ne, ɗigon su ne (1, 50), (2, 100), (3, 150), kuma yaro zai ga da kansa cewa takarda ba za ta ɗauki gida 150 ba, dole a nemi dabara. Kafin su sa kowane ɗigo, su rubuta a gefen takarda abin da ƙaramin gida ɗaya ya ɗauka a kowane layi. Ki kuma duba littattafan da suka sayo, domin akwai masu gidaje na milimita ɗaya, kuma lissafin zai canza.

Daga nan hanya ta buɗe zuwa jadawali irin na y = 2x + 1, inda x daga -2 zuwa 2 ke ba da -3, -1, 1, 3, 5. Ɗigon za su jeru a miƙe, kuma duk wanda ya fita daga sahu ya nuna kansa.

Inda wannan hanya ta tsaya

Fita fili yana cin darasi guda cur, wani lokaci biyu, kuma manhaja ba ta jira. Ni ina ganin ya cancanta, domin giraf zai bi su har aji shida, a lissafi da fizis da labarin ƙasa da tattalin arziki. Amma shawarar taki ce, ke kika san shugaban makarantarki da yawan abin da ya rage miki a zangon. In rana ta yi zafi ko filin bai samu ba, a ture bencina a yi a daɓen aji da alli, ko da taku huɗu-huɗu ne.

Tafiyar ba za ta gyara yaron da bai iya karanta lambobi sosai ba, kuma a aji irin naki akwai su. Waɗannan suna bukatar zama na daban kan layin lamba, in ya yiwu da taimakon abokansu da suka yi gaba. Haka kuma, wanda ya gane a fili yana iya komawa gidan jiya bayan hutu. Ɗigo biyu a farkon darasi, sau ɗaya a mako, ɗaya daga ciki mai sifiri ko mai alamar ɗebewa, ya fi dogon bita a ƙarshen zango.

Manhajojin waya irin GeoGebra da Desmos kyauta ne, kuma suna da amfani gare ki wajen shirya zane da tabbatar da amsa. Ga ɗalibi mai koyo kuwa ina jinkirta su, domin manhajar ce ke sa ɗigon, shi yana kallo. Batun harshe kuma, ki yi bayanin da Hausa yadda zai shiga, amma ki rubuta sunayen Ingilishi a allo ki riƙa nuna su, tunda da su za a yi tambaya a jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Idan kin yi gwajin ɗigo biyar ɗin, ki ware littattafan kashi-kashi bisa irin kuskuren, tarin da ya fi tsawo shi za ki fara da shi ranar da za ku fita fili.